Kwamfuta za ta raba ni da aikina? Amsa ga wani akawu daga Daura

"Ranka ya daɗe, ni akawu ne a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikatar gwamnati a nan Daura. Ina mataki na 6, saura mini shekara 14 in yi ritaya. Kullum sai mu ji a rediyo an ware miliyoyi don sayen kwamfutoci da mayar da aiki kan intanet. Abokan aikina suna cewa da zarar an gama za a rage mu, wai kwamfuta ɗaya tana yin aikin mutum goma. Shin gaskiya ne? In kuma ba gaskiya ba ne, ina amfanin kuɗin da ake kashewa, tunda mu har yau da hannu muke neman fayil?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Na fara aiki a sashen albashi tun ana biya a kan tebur, daga baya aka mayar da ni sashen kula da ma'aikata, a can na yi ritaya. Saboda haka maganar da kake ji a bakin abokan aikinka ba baƙuwa ba ce a wurina. Abu biyu ka tambaya: ko kuɗin da gwamnati ke zubawa a kan kwamfutoci zai ƙare da sallamar ma'aikata irinka, da kuma abin da kuɗin ke saya idan ba hakan ba.

A aikin gwamnati irin namu, da wuya kwamfuta ta tayar da ma'aikacin da aka riga aka tabbatar daga kujerarsa. Jira take yi ya yi ritaya, sai a ƙi cike gurbinsa. Kai, in Allah ya ba da rai da lafiya, ina kyautata zaton za ka cika shekarunka 14. Wanda abin zai fi taɓawa shi ne ƙaninka ko ɗanka da ke riƙe da takardar sakandare yana jiran ranar da za a buɗe ɗaukar akawu ko masinja. Wannan ranar ce take ta nisa.

Waɗanda suka tafi ba tare da an kore su ba

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, kowace ma'aikata tana da ɗakin masu buga tafireta. Jami'i ya rubuta wasiƙa da biro, masinja ya kai, a buga, a dawo masa da ita, ya ga kuskure ɗaya, a sake bugawa daga farko. In sanarwa ce da za a raba wa ƙananan hukumomi, sai a yanka sitansil a gurza. A sashen albashi kuwa, ƙarshen wata akawuna sukan kai dare suna cike bauca da hannu, sannan kashiya ya ɗauko kuɗi daga banki da rakiyar ɗan sanda, ma'aikata su yi layi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Duk wannan aikin ya wuce. Amma ka taɓa jin ranar da aka tara masu tafireta aka miƙa musu takardar sallama don an kawo kwamfuta? Wasu sun koyi bugu a kan sabuwar na'ura suka zama sakatarori, wasu aka mayar da su ɗakin fayil irin naka, sauran suka zauna har shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa ta cika. Da suka tafi, ba a ɗauki wasu ba. A hankali layin aikin ya mutu.

Dalilin da ya sa abin ke tafiya haka a fili yake. Ma'aikacin da aka tabbatar ba a korarsa da baki. Sai an ba shi takardar tuhuma, ya amsa, magana ta je gaban hukumar kula da ma'aikata. Idan kuma rage ma'aikata za a yi gaba ɗaya, dole gwamnati ta nemo kuɗin garatuti da fansho na mutane masu yawa a lokaci guda, alhali na waɗanda suka riga suka yi ritaya ma sai an yi ta bibiya. Ga ƙungiyoyin ƙwadago irin su NLC da NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ga siyasa: a garuruwanmu albashin mutum ɗaya gida guda yake riƙewa, wani lokaci har da gidan ƙane da na suruki, kuma duk mai neman ƙuri'a ya san da haka.

Ba ina cewa ba a taɓa sallamar ma'aikata ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami fiye da 10,000. A wajajen 2006 zuwa 2007 gwamnatin Obasanjo ta rage dubban ma'aikatan tarayya, akasarinsu ƙananan matakai, direbobi da masu shara da masu gadi da masinjoji, bayan ta yanke cewa kamfanoni za a riƙa ba wa irin waɗannan ayyuka. A 2017 Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. A cikin ukun nan babu wanda na'ura ta jawo. Shugabanni ne suka zauna suka yanke shawara. Sai dai ka lura da na tsakiyar, domin darasinsa ya shafe ka: idan aka tashi ragi, daga mataki na 6 zuwa ƙasa ake fara dubawa. Shi ya sa ba zan ce maka ka miƙe ƙafa ba.

Inda adadi yake raguwa da gaske

Akwai wuri guda da kuɗin kwamfuta ya rage sunaye a takardar albashi ƙwarai, wato wajen ma'aikatan bogi. Gwamnatin tarayya ta fara tsarin IPPIS a 2007 da ma'aikatu kaɗan, don a riƙa biyan albashi daga wuri ɗaya kai tsaye zuwa asusun ma'aikaci. Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN a 2014. Da aka haɗa biyun aka gwada, a watan Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya, lokacin Kemi Adeosun ce minista, ta sanar da cire sunaye 23,846, abin da ta ce ya rage naira biliyan 2.29 a wata. Jihohi ma sun bi, musamman da shirin SFTAS na Bankin Duniya ya riƙa ba da tallafin kuɗi ga jihar da ta ɗauki hoton yatsun ma'aikatanta ta kuma haɗa albashinsu da BVN. A nan gida, a 2025 kwamitin da ya tantance ma'aikatan ƙananan hukumomi 34 da na hukumomin iliminsu ya miƙa wa Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa rahoto. Mutum kusan 50,000 aka tantance, aka cire sama da 3,000 bisa dalilai irin su takardun bogi, sauya shekarun haihuwa da rashin zuwa aiki.

Idan mutum ya ji wannan a rediyo sai ya ce kwamfuta ta kori mutane. Amma sunan da babu mutum a bayansa, ko wanda ya rasu ana ci gaba da karɓar albashinsa, ko wanda ke cin albashi biyu, cire shi bai rage hannun da ke aiki a ofis ko a aji ko a asibiti ba. Ni a ganina wannan shi ne mafi halascin kuɗin da gwamnati ta kashe a kan na'ura, in dai kuɗin da aka ceto an mayar da su wajen ɗaukar malamai da ma'aikatan jinya.

Duk da haka, na zauna a teburin tantancewa, na ga yadda ragar ke kama wanda ba shi da laifi. Dattijon da ya yi shekaru yana noma bayan tashi daga aiki, yatsunsa sun goge, na'ura ta ƙi karantawa. Mutum ɗaya a takardar kama aiki Muhammadu ne, a banki Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad. Mace an ɗauke ta da sunan mahaifinta, ta buɗe asusu da sunan mijinta. Wani kuma ranar haihuwarsa uku ce, domin ba a rubuta ba lokacin da aka haife shi, kowane ofis ya ƙiyasta tasa. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, da ta ga saɓani sai ta tsayar da albashi. Daga nan mutum ya fara zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina da kuɗin motar da ya ranto, wata biyu, wata uku, ba alat. Abin yana ci mini rai har yau, domin yawancin waɗannan ba su san komai ba game da yadda aka shigar da sunansu.

Kuma sata ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Da, sai an haɗa baki da akawu da kashiya da mai sa hannu kafin a cusa suna. Yanzu mutum ɗaya da ke riƙe da lambar sirrin manhajar albashi zai iya, in babu mai duba bayansa. Don haka ofishin da ya koma kwamfuta yana buƙatar odita wanda shi ma ya iya kwamfutar, ga shi kuwa irinsu ba su da yawa.

Me ya sa har yau kake neman fayil da hannu

Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa na kullum su ne wahala, kuma duk gidan da ke fitar da doki hawan sallah a Daura ya san wannan. Haka kwamfuta take. Kasafin kuɗi kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na yau da kullum. Sayen kwamfutoci yana shiga na manyan ayyuka: a ba da kwangila, a kawo kaya, a ɗauki hoto, a ƙaddamar. Amma man janareta, batirin sola, tawadar firinta, kuɗin intanet, sabunta lasisin manhaja, gyara, duk daga kuɗin gudanarwa na wata-wata suke fita, kuma su ne ake fara matsewa idan aljihun gwamnati ya yi zafi. Kwamfutar ofis in ta yi shekara huɗu ko biyar ta tsufa, a ƙura da zafin da muke da shi ma ba lallai ta kai ba. Kuma da dala ake sayenta. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da zai sayi uku da, yanzu da ƙyar ya sayi ɗaya.

Na ga kwamfutoci a cikin kwalayensu a sito har garantinsu ya ƙare, saboda ɗakin da za a sa su babu waya. Na ga an raba su bisa girman muƙami, mafi kyau ta hau teburin wanda ba ya bugu, akawun da ke buƙatarta kuma ya ɗauki takardar ofis ya kai shagon buga takardu a bakin titi, ya biya daga aljihunsa, sirrin gwamnati yana buɗe a gaban kowa. An taɓa kawo mana manhaja mai kyau, aka horar da mutum biyu, bayan 'yan watanni aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki, ɗayan ya tafi ƙaro karatu, manhajar ta kwanta. Babu mugun nufi a yawancin waɗannan. Tsarin ne yake saka wa mai sayen kaya, ba ya tambayar ko kayan sun yi aiki.

Akwai kuma abin da abokan aikinka ba su lissafa ba. A shekarun farko na komawa kwamfuta aiki ƙaruwa yake yi. Odita yana son ganin sa hannu a takarda, kotu ma sau da yawa asalin takarda take nema, babban sakatare ya saba rubuta umarni a gefen fayil da biro. Sai a riƙa yin aikin sau biyu, a shigar a na'ura, a buga, a sa a fayil. Tsofaffin fayiloli kuma, na filaye da na fansho da na ma'aikata, sai an zauna an jera su, an ɗauki hotonsu shafi-shafi, an ba kowanne suna da lamba yadda za a same shi. Gwamnatin tarayya ta sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatunta za su daina aiki da takarda, kuma wannan jeren da ɗaukar hoton shi ne mafi nauyin aikin. Mu kuma muna da wani dalili na riƙe takarda: a Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Faskari da Funtuwa, aka yi watanni a haka. Ofishin da duk aikinsa ke kan intanet, ya tsaya ke nan.

Abin da ya fi damuna

Ni ba yawan ma'aikata ne ya fi tsaya mini a rai ba, a hannun wa ilimin yake. Yawanci idan za a kafa sabon tsari, kamfani ake ɗaukowa daga Abuja ko Legas. Su kafa, su riƙe lambobin sirri, su riƙe bayanan, ma'aikatan gwamnati su zama masu kai musu takarda. Ranar da kwangila ta ƙare ko aka yi saɓani kan biya, sai ma'aikata ta wayi gari ba ta iya buga jerin albashinta da kanta. A takarda an rage ma'aikata, a zahiri kuwa kuɗin albashin ya koma kuɗin kwangila, wani lokaci ya fi na da yawa.

Matasan da za su riƙe wannan aiki muna da su. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Daura. Matsalar ita ce riƙe su. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, amma yaron da ya ƙware a rubuta manhaja banki ko kamfanin waya zai ba shi ninkin abin da mataki na 8 ke biya. Ya shigo, ya koya, ya tafi. Kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, KATDICT, da gwamnatin Raɗɗa ta yi mataki ne da ya dace, domin yana tara ƙwarewar a cikin gida. Abin da zai nuna nasararsa shi ne ko za a samu irin waɗannan ma'aikata zaunannu har a sakatariyar ƙaramar hukuma, da layin ƙarin girma da zai sa su tsaya.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne ke tuntuɓe a nan. Kanada ta ƙaddamar da sabuwar manhajar albashi mai suna Phoenix a 2016, da fatan rage kashe dalar Kanada miliyan 70 a shekara. Kafin tsarin ya zauna da gindinsa ta riga ta rage ɗaruruwan gogaggun ma'aikatan albashi. Dubban ma'aikata suka shiga uku: wasu an biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu fiye, wasu ba a biya su ba sam. Ƙarshenta sai da gwamnati ta sake ɗaukar mutane, ta kashe biliyoyi wajen gyara. Ƙasar da ba ta san ɗaukewar wuta irin tamu ba ke nan. A gida ma, ASUU ta yi shekaru tana jayayya cewa IPPIS bai dace da yadda jami'a ke aiki ba, har a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Da za a tambaye ni, sai in ce duk takardar neman sayen kwamfuta kada a sa mata hannu sai ta zo da kuɗin riƙe ta na shekara biyar, da sunayen ma'aikatan da za su yi aiki da ita, da sharaɗin cewa kamfani zai miƙa lambobin sirri da bayanai ga ma'aikata kafin a biya shi kason ƙarshe. Kuma kada a soke gurbi ko ɗaya sai sabon tsarin ya yi shekara cur yana aiki ba tangarɗa.

Kai kuma, ga abin da nake ba ka shawara

Fara da takardunka. Ɗauko takardar kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, katin NIN da bayanan BVN, ka shimfiɗa su ka duba harafi-harafi. In suna ko ranar haihuwa sun saɓa, ka gyara yanzu ta hanyar da doka ta tanada, tun ba a kira wata tantancewar ba. Wannan ya fi kwamfuta barazana ga albashinka.

Sannan ka koyi aikin, ba sai ka jira ofis ya tura ka kwas ba. Bugu da sauri, Word, Excel, ɗaukar hoton takarda da adana ta, aika saƙon imel. Wata uku na yamma a kowace cibiyar koyon kwamfuta a cikin gari ya isa ka kama hanya, kuma ka karɓi takardar shaida ka sa a fayil ɗinka. Idan hali ya yi, ka nemi difloma ta ɓangaren mulki ko adana bayanai, domin da ita za ka nemi sauya layi ka fita daga matakan da ake fara dubawa. Jarrabawa ma tana komawa kan na'ura. JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015, kuma ta ƙarin girma a tarayya ta bi sahu.

Kana da abin da kamfanin Abuja ba shi da shi. Ka san wane fayil ne aka buɗe sau biyu, wane ne ruwa ya ci, wane ne lambarsa ta sauya lokacin da aka raba ma'aikata. Ranar da za a zo ɗaukar hoton fayilolin nan, dole a nemi mai wannan sani, kuma in ya iya kwamfuta shi za a bar wa riƙon tsarin. Tun yanzu ka fara jera sunayen fayilolin ɗakinka da lambobinsu da inda kowanne yake a Excel, ko a wayarka ne, ka nuna wa shugaban sashenka.

Iyakar maganata ita ce abin da na gani a albashi da kula da ma'aikata na jiha da ƙananan hukumomi, kuma na gina ta a kan yadda abubuwa suka tafi zuwa yau. Sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wasiƙa da taƙaita rahoto suna iya gaggauta abin fiye da yadda tafireta ta ɓace, kuma wannan karon har jami'an tsakiya zai taɓa. Makomar gurbinka kai kanka kuwa tana cikin jerin guraben da aka amince wa ma'aikatarku. Ka je wurin jami'in kula da ma'aikata, ka gaishe shi, ka roƙi ya nuna maka guraben akawu nawa ne a jerin bana, nawa ne a na shekara biyar da suka wuce, da kuma takardar da ake buƙata don sauya layi.